Ƙusoshi Biyu a Jikin Jitata

Ni ce ke kaɗa jita a ƙungiyar mawaƙan cocinmu da ke Sabon Gari, nan Keffi, tun ina budurwa. Shekara goma da ɗoriya na yi da wata tsohuwar jita ta coci, wadda in ka ɗaure tsirkiyarta da safe kafin a gama wa'azi ta saki. Sai a daminar da aka ƙara mini girma a makarantar da nake koyarwa na yi ta maza, na hau mota zuwa Abuja, na sayo irin wadda nake gani a hannun manyan makaɗa ina haɗiyar yawu. Katakonta kalar zuma, tana ƙamshi. Mai shagon ya ba ni rasit da takardar garanti ta shekara ɗaya, ya ce in wani abu ya taso daga kamfani, in dawo da ita.

A lokacin ina zaune da mahaifina a gidanmu na Gangaren Tudu, mu biyu, tun rasuwar mahaifiyarmu. Baba kafinta ne, ya fi shekara arba'in yana sana'ar. Rabin bencin cocinmu aikinsa ne. Amma yanar ido ta fara rufe masa gani, hannunsa kuma ya soma rawa, masu kawo manyan ayyuka duk sun janye. Abin da ya rage masa shi ne gyare-gyaren gida da na maƙwabta: ƙafar kujera, marfin taga, ƙotar fartanya. Da waɗannan yake tashi da safe ya ji shi mutum ne. Na san haka sarai, shi ya sa abin da na yi daga baya yake ci mini rai har yau.

Mako uku da sayen jitar na fara jin wata ziza a ƙarƙashin sautin, kamar ƙuda ya shiga kwalba. Na duba, sai na ga ɗan katakon nan da ke manne a cikinta, wanda ke riƙe da gindin tsirkiyoyi, ya ɗaga ta baya. Har takarda na zura ta shige. Na kira shagon, mai shagon ya ce in kawo ta ranar Asabar, in laifin kamfani ne za a canza mini sabuwa.

Muna cin tuwo da yamma na yi ta mita a kai. Baba ya wanke hannu, ya ce in miƙo masa jitar. Ya shafa wurin da yatsa, ya kai kunne ya ƙwanƙwasa.

"Gam ɗin ne bai kama ba, Uwata," in ji shi. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Yaran yanzu ba sa jira gam ya sha iska."

Na ce, "Ai ranar Asabar zan mayar musu, Baba."

Ya ci gaba da shafa katakon da yatsa. A gidanmu abin katako ba ya kwana biyu a lalace, kuma ba a taɓa fita da shi waje neman gyara ba. Ɗaukar katako daga gidan kafinta a kai wa wani, zagi ne. Ya zo mini a rai in ce masa kada ya taɓa, har maganar ta zo bakina. Amma ta yaya zan dubi tsohon da ya ciyar da ni da zarto in ce masa wannan katakon ya fi ƙarfinsa? Na haɗiye, na mayar da ita cikin jakarta.

Ranar Juma'a na dawo daga makaranta na tarar da ita kwance a kan gadona, ɗakin yana warin banish, man shafen katako. Katakon ya kwanta lumui. Baba ya ɗura gam, ya huda rami biyu, ya ɗaure da ƙananan ƙusoshi masu murɗi, ya rufe kawunansu da garin katako, ya goge da samfefa, ya shafe. Idonsa bai nuna masa cewa samfefar ta ci fuskar jitar ba, ta bar wani fili dusu-dusu kamar tafin hannu. Yana tsaye a bakin ƙofa yana murmushi, rigarsa duk gari.

"Na hutar da ke zuwa Abuja," ya ce. "Wannan ko jikokinki ba za su ga ya ɗaga ba."

Na durƙusa na ce na gode.

Duk da haka na tafi ranar Asabar, ina ce wa kaina wataƙila ba za su lura ba. Awa biyu muka yi a cunkoson Mararaba, jitar tsaye tsakanin ƙafafuna, ina kare ta daga buhun doyar wata mata. Mai shagon ya buɗe jakar, ya haska fitilar wayarsa, bai yi minti ɗaya ba ya ɗago.

"Madam, wa ya yi wannan ɓarnar?"

Na ce ai tun kafin a taɓa ta ta lalace, shi kansa shaida ne, na kira shi. Ya ce bai musa ba, da na kawo ta yadda take, da yau na koma da sabuwa. Ya nuna mini layin a takardar garantin: in wani hannu ya taɓa, magana ta ƙare. Na yi roƙo, na yi faɗa, na ce su mayar wa kamfanin su gani. Ya ce kamfanin ba zai ko buɗe jakar ba. Sai ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga abin mamaki, suka sunkuya suna dariya ƙasa-ƙasa.

"Wannan ai mai haɗa benci ne," in ji abokin. "Ko makaho ne ya yi aikin?"

Ban ce musu mahaifina ne ba. Na zuge jakata na fito, na kuma ɗauko maganar nan na riƙe ta tun daga Abuja har Keffi, tana tafasa.

Da ɗan acaɓa ya sauke ni, Baba na zaune a ƙofar gida, ya sa hularsa ta zuwa coci. Ashe jirana yake.

"Uwata, sun ga aikin? Me suka ce?"

Ina da hanya goma ta amsa masa. Ni kuwa mai zafin kai ce tun ina yarinya, ga gajiya, ga baƙin ciki.

"Sun ce ka kashe garantin, Baba. Sun ce jita ba benci ba ce. Har tambaya suka yi ko makaho ne ya yi aikin."

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya cire hular ya ɗora a gwiwa, ya ce, "To." Can ya ƙara da cewa, "Ki yi haƙuri." Mahaifina, yana ba ni haƙuri a ƙofar gidansa.

Washegari bayan an taso daga coci na same shi a ɗaki na durƙusa, na ce bakina ne ya fi ni, ya yafe mini. Ya ce babu komai, ai gaskiya na faɗa, kuma gara da ya ji daga bakina. Wannan amsar ta fi zagi ciwo. Na yi ta kaɗa jitar a tsakar gida don ya ji zizar ta tafi, don kuwa ta tafi, katakon bai sake motsi ba har yau. Sautin ya ɗan dushe, amma ban da ni babu mai ganewa. Yakan saurara, ya gyaɗa kai.

Bayan kamar kwana goma, wata maƙwabciyarmu mai tuyar ƙosai ta yi sallama da kujerarta 'yar tsugunno, ƙafa ɗaya ta fita. Ina wanke-wanke a gefe. Ta ajiye a gabansa kamar yadda ta saba, tana cewa kafin la'asar take so, Baba, don a kanta take tuya. Ya ɗauki kujerar, ya juya ta, yatsunsa suka sami wurin da ya karye nan take. Na tsayar da hannuna cikin ruwan kumfa ina jira ya ce in ɗauko masa guduma.

Ya miƙa mata kujerarta da hannu biyu.

"Ki kai Sabon Gari, 'yata," ya ce. "Akwai masu ido a can."