Mutumin da Ya San Ciwon Kowa

Shekara ashirin da shida Malam Muhyiddin ya yi a ɗakin kati na wani ƙaramin asibiti a Akurba da ke Lafia. Gajere ne, mai yawan tsaki, kullum da biro a bayan kunne. Ciwon rabin mutanen Lafia yana cikin kansa, amma ko matarsa Nasiha ba ta taɓa jin na mutum ɗaya daga bakinsa ba. Ba shi da mota, ba shi da gidan kansa, wannan riƙon amanar shi ne abin taƙamarsa.

Sai aka zo da binciken ciwon hanta, wanda za a aika sakamakonsa ga wasu masana a ƙasar waje. Aikin cire sunaye da adana bayanan, Seember aka ba, ma'aikaciyar da ta zo bara-bara, wadda shi ya koya mata jera kati. Aka ba ta kwamfuta da lambar sirri, shi ko tayi ba a yi masa ba. Abin ya tsaya masa a rai. Hassada ce tsagwaronta, shi ma ya sani. In ta gaishe shi, da hanci yake amsawa.

Ranar da ma'aikata suka zauna duba takardar bayanan kafin a aika, Seember ta bayyana cewa babu suna ko ɗaya, sai lamba da shekaru da gari da sana'a. Malam Muhyiddin ya nemi a miƙo masa. Ya ce cire suna ai wasan yara ne. Ya karanta layin farko, mace mai man ja daga Adogi, ya faɗi sunanta. Ya karanta na biyu, ya faɗa. Daɗi ya kwashe shi, ya karanta na uku.

"Namiji, arba'in da huɗu, Doma, mai gyaran injin niƙa. Wannan ai Ya'akubu ne, mijin Huseina."

"Baba, ya isa," in ji Seember a hankali. "Ka yi gaskiya, amma ya isa."

Sai a lokacin ya tuna da Mu'awiya, nas ɗin da ke zaune kusa da taga. Ya'akubu yayansa ne, ciki ɗaya, kuma Ya'akubun bai faɗa wa kowa a gida cewa yana da ciwon ba.

Likita ya hana aika takardar, ya sa a cire gari da sana'a. Muhyiddin ya yi nasara ke nan. Seember har godiya ta yi masa, wannan ma ya fi zagi ciwo.

Washegari Mu'awiya ya zo ɗakin kati, ya gaishe shi da ladabi kamar kullum.

"Baba, katunan gidanmu nake so. Duka."

Malam Muhyiddin ya zaro su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure da roba ya miƙa masa. Bai tambayi inda za a kai su ba.