Shuɗiyar Wutar Da Ta Ci Idon Inna Ladi

Ba zan faɗi sunana ba. Wanda ya zauna a Sabon Garin Keffi ya san ni, wanda bai san ni ba kuwa bai yi asarar komai ba. Da samari nake magana, musamman masu ƙaiƙayin hannu, waɗanda ba sa ganin abu mai waya a ciki su ƙyale shi sai sun kwance.

A da ni mai gyaran rediyo da talabijin ne. A aji uku na sakandare bokona ya tsaya, amma Allah ya ba ni hannu. Ina da shago kusa da masu walda, ina da mata da 'ya'ya, har daga Nasarawa ana kawo mini aiki. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce talauci ne ya ja ni. Ba talauci ba ne. Son a sani ne.

Wata rana wani ɗalibin jami'a ya kawo gyara, yana jira sai ya nuna mini bidiyo a wayarsa. Wani Bature ne ya haɗa tocila mai fitar da shuɗin haske siriri kamar tsinken tsintsiya, yana kunna ashana da shi daga nesa. Ya ce sunanta leza. Na ce zan iya haɗa irinta. Ya yi dariya ya ce, "Haba oga, wannan aikin injiniyoyi ne, ba na masu liƙa waya ba."

Maganar nan ta tsaya mini a wuya. Na yi ta bincike har na gane ƙwayar da ke ba da hasken tana cikin majigi, irin wanda coci-coci da makarantu ke haska rubutu da shi a bango. Na sayi mataccen majigi a wurin 'yan gwangwan. Na ƙona ƙwayoyi ba adadi kafin ɗaya ta kama. Ranar da ta kama, masu acaɓa suka cika ƙofar shagona. Na fasa balan-balan, na huda leda, na rubuta sunan wani a jikin katako. Suka fara kirana Injiniya, ni kuwa kaina ya kumbura.

Tun a lokacin abin ya yi mini gargaɗi. Hasken ya daki sukundireba ya dawo idona na hagu. Babu zafi ko kaɗan, walƙiya kawai na gani. Amma wani baƙin ɗigo kamar ƙuda ya zauna a idon, yana nan har yau. Saboda haka duk abin da zai biyo baya, kada ku ce ban sani ba. Na sani sarai.

Mai wannan sha'awar ba ya ƙoshi. Wadda ta kunna ashana yau, gobe so kake ta ƙona itace. Ana haka sakataren wani coci, dattijo mai kirki da ke kirana ɗana, ya kawo majiginsu. Fanka ce kawai ta lalace. Da na buɗe, sai ga ƙwayoyi jere kamar ƙwai a kiret. Na ce a raina, ɗaya dai ba za a gane ba. Ba a gane ba kuwa. Da ya sake kawowa na cire biyu. Daga nan duk majigin da ya shigo shagona sai ya fita da giɓi, wani ma in ce wa mai shi ya mutu, ya bar mini gawar.

Sai Gambo ya shigo rayuwata. Tsohon ɗan kamasho ne a tasha, bakinsa kamar an shafa zuma. Ya kalli wasan da nake yi ya ce, "Kai wawa ne wallahi. Kana riƙe da wutar aljanu kana fasa wa yara balan-balan?"

Shi ya tsara komai. Zai naɗa rawani ya zama malam mai tone asiri, ni kuma in zama beben da ke riƙe masa jaka, ba na magana, ba na ji. Lezar tana cikin jakar, da ɗan rami a gefe. In muka shiga gida, sai ya tono layar da shi ya riga ya cusa a ɓoye da hannunsa, ya ajiye a tsakar ɗaki, a rufe ƙofa da taga, a turara ɗakin. Cikin hayaƙin turare sai a ga shuɗin zare ya miƙe, laya ta kama hayaƙi ba ashana ba garwashi. Na ga manyan mutane masu digiri sun durƙusa a gabansa. Musulmi da Kirista duk mun ci, ba mu bar kowa ba.

Inna Ladi a Tudun Ƙofa take. Mijinta ya rasu, ɗinkin hula take yi tana ci da jikokinta marayu. Idonta na hagu ya fara yana, maƙwabta suka ce mata jifa ne, shi ya sa ta aika aka kira mu. Wato ido ɗaya ya rage mata mai kyau, kuma da shi gidan nan duka ke cin abinci.

Gambo ya tono layarsa ya ce a kawo abin da za a ɗora ta. Kun san halin iyayenmu, baƙo ba a ba shi tsohon kwano. Ta wuce kaskon da ke bakin ƙofa, ta buɗe kabad ta ɗauko sabon murfin silba, ta goge shi da gefen mayafinta har yana ɗaukar ido. Ina ganin murfin nan na san zai mayar da hasken kamar madubi. Kalma biyu ce za ta cece ta: kawo kasko. Amma ni bebe ne, in na yi magana wasa ya ɓaci. Na yi shiru.

Gambo ya ce, "Matso, Inna. Buɗe ido da kyau ki ga maƙiyinki yana ƙonewa."

Ta sunkuya. Na danna makunnin lezar.

Ba ta yi ihu ba. Ta ɗago tana ƙifta ido ta ce, "Malam, na ga walƙiya. Ga shi kuma ba na ganin fuskarka, sai gefen rawaninka."

Ya ce, "Alhamdulillahi, cutar ce ke fita. Kada ki faɗa wa kowa, kada ki je asibiti sai sati ya zagayo, in ba haka ba aiki ya warware."

Ta yi mana godiya. Har kunu ta sa aka dama mana, kuma na sha.

Ƙanenta ne ya kai ta asibiti da ya ga tana laluben bango. Likita ya duba ya ce tsakiyar idon ta ƙone, ya tambaya ko an haska mata wani abu. To, wa bai san mai shuɗiyar wuta a Keffi ba? Ni da kaina na yi wa kaina talla. 'Yan sanda suka same ni a shago da dalma a hannu. Gambo kuwa ya ɓace, har yau. An ce an gan shi a Mararaba cikin mota. Masu kirana Injiniya su suka fi kowa ɗaga murya ranar da aka tafi da ni.

A kotu dattijon cocin nan ya zo ba da shaida. Bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Ɗana, da hasken majigin ya dushe, mu muna zaton bangonmu ne ya yi datti, har sabon fenti muka yi masa." Mutane suka yi dariya. Na gwammace da marina ya yi.

Ba zan ba ku labarin gidan yari ba, wanda ya shiga ya sani. Shekaru na yi. Matata ta jira iya jiranta, daga baya ta nemi takardarta, ban ga laifinta ba. Na fito na tarar shagona ya zama na mai sayar da katin waya. Yanzu a bakin titi nake zama ina gyaran tocila da caja, kuma mai kawo aikin yana tsaye a kaina har in gama.

Na tuba, na roƙi Allah. Sannan na tattara ƙarfin hali na je Tudun Ƙofa. Na same ta a tsakar gida a kan tabarma, hannunta a cinya ba komai a ciki. Babbar jikar an cire ta daga makaranta, tana tallar gyaɗa. Na durƙusa na faɗi ko ni wane ne. Ta juya kanta gefe, don ta gefen ido kawai take ɗan gani.

Ta ce, "Au, ashe kana magana?"

Na ce, "Inna, ki yafe mini."

Ta ce, "Abin da kuka karɓa na yafe, kunun ma na yafe. Ido kuwa ba nawa ba ne, aro aka ba ni. Ka je ka roƙi Mai shi."

Samari, ku koyi sana'a, ku kwance ku ɗaura, ban hana ku ba. Amma wannan hasken ba abin wasa ba ne, ba ya jira ka ƙifta ido, kuma abin da ya ci ba likitan da zai dawo da shi. Kada ku haska shi inda mutum yake, kada ku ba yaro. Kayan da aka kawo muku gyara amana ne, ko ƙusa ɗaya kada ku cire. Duk abokin da ya ce ku yi shiru a ci kuɗi, ku tashi ku bar masa wurin. Ni alƙali ya yanka mini nawa wa'adin, na gama na fito. Inna Ladi ba ranar da za a sake ta.