Wayar da ta yi yawa a kan benci

Shekara talatin da ɗaya ke nan yana gyaran keke a wata 'yar rumfa da ke ƙarƙashin matakalar bene, har mutanen layin suka bar kiran sunansa, sai dai Baban Keke. Mutum ne mai ƙa'ida. Duk abin da ya cire daga jikin keke sai ya jera shi a kan benci ya duba kafin ya zubar. A bana ne idonsa ya fara yi masa hazo. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa. A ransa ya ce hannu ya riga ya san aikin, ko da lalube zai yi.

Ranar Talata da safe ƙaninsa, mai kai wa shaguna ƙwai, ya turo tsohon keken hawan dutsen da yake sana'a da shi. Giya ashirin da ɗaya gare shi, ba wadda ke shiga daidai, sarƙa kullum cikin zamewa. Birkin gaba kuwa tun bara ya mutu, da na baya kaɗai yake tsayawa.

"Yaya, raba ni da tarkacen nan," in ji ƙanin. "Giya ɗaya ta ishe ni, ba tsere zan je ba."

"Da wannan tumbin? Ko ka je, sai dai ka riƙe musu riguna."

Baban Keke ya kwance abin canza giyar gaba da na baya, ya zaɓi haƙoran tsakiya, ya rage sarƙa ta zauna daram. Sannan ya bi wayoyin da suka sauko daga kan keken da yatsa, ya datse da filaya, ya zare. Ƙanin na sauri, ya ɗaure kiret shida a baya ya hau ya tafi.

Sai da ya zo share benci ya gani. Wayar giya biyu ce a irin wannan keken. Uku ne a gabansa. Ya murza ta ukun a yatsa, ya ji ta fi sauran kauri. Ta birkin baya ce.

Ya san hanyar ƙaninsa kamar tafin hannunsa: daga rumfa zuwa kasuwa hawa ne, ba mai taɓa birki. Daga nan sai doguwar gangara da ta ƙare a mahaɗar da tireloli ke wucewa.

Ya kira shi sau huɗu, ba a ɗauka ba. Ya bar rumfar a buɗe, abin da bai taɓa yi ba, ya hau keken wani da aka kawo faci. Daga saman gangara ya hango taro a ƙasa, amma idon ya ƙi rarrabe masa komai, sai duhun mutane da wata babbar mota a tsaye. Ya sauka ya tura keken har wurin.

Ƙanin na zaune a bakin kwata, rigarsa duk ƙwai, gwiwa ta ɗaye, tafin takalminsa ɗaya ya cinye. Da gangan ya faɗa kwatar, taku kaɗan kafin titi.

"Yaya, wayar birki ce ta tsinke. Tsufa ne, ba laifin kowa."

Da Baban Keke ya yi shiru, da maganar ta tsaya nan. Ya sa hannu a aljihu ya miƙa masa wayar birkin da ya datse. Ƙanin ya dubi bakinta, yankan filaya ne sumul, ya ɗago ya daɗe yana kallon idon yayansa.

"Tun yaushe?"

"Wata bakwai."

"Ka gaya wa matarka?"

Ya girgiza kai.

"To kama ni in tashi. Asibitin da za a wanke min gwiwar nan, akwai likitan ido a ciki."