Majanyin da aka raina

Salamu alaikum. Masu tambayar inda na shige tun damina, ga ni. Ban mutu ba, hannu ne ya hana ni riƙe waya.

Daga kan babur na faɗo a hanyar kasuwar Gummi, na sauka a kan kafaɗar dama. Allah ya sa ranar ban goyo 'yata Hafsa ba, lokacin watanta biyar.

A asibiti aka ɗauki hoto. Likita ya nuna mini inda ƙashin dantse ya tsage, can sama dab da kafaɗa. Ya ce bai goce ba, don haka ba sai an yi tiyata ba. Aka rataya mini hannun a wani majanyi, aka ba ni maganin ciwo, aka ce in dawo bayan sati biyu a sake hoto. Na tambaye shi yaushe zan iya goyo, ya ce in na bi doka, ba za a jima ba.

Ina isa gida Inna ta dube ni sama da ƙasa.

"Wanga tsumma ɗai sunka ba ki? Ko filasta babu? Sun gane ba mu da kowa, shi ya sa."

A wurinmu maganin da bai sa ka kuka ba, ba magani ba ne. Kawu, yayan Inna, ya ce akwai mai ɗori a wani ƙauye wajen Bukkuyum, ko ƙafar raƙumi yana haɗawa. Maigidana ya sunkuyar da kai, ba ya musu da surukai. Ni ma da karatuna da komai na yi shiru, kada a ce boko ya sa na raina manya. Wannan shirun ne har yau yake ci mini rai.

Da aka kai ni, mutum biyu suka danne ni, mai ɗori ya ja hannun ya murɗa. Na ji ƙas a cikin kafaɗata, na suma. Da na farfaɗo Kawu yana murna, wai ƙashi ya koma mazauninsa.

Sati uku ina ɗaure da karare. Hannu ya kumbura, yatsu suka daina jin taɓi. Hafsa tana kuka tana miƙo hannu, sai dai maƙwabciya ta goya ta ina kallo.

Da muka koma asibiti, likitan nan ya ɗaga sabon hoton ya duba.

"Malama, wannan ba karayar da na gani ba ce. Wa ya taɓa ki?"

Ƙashin da ya zo a tsage yanzu ya rabu uku. Aka tura mu Sakkwato. Gwajin jini, layi, a dawo gobe, a dawo jibi. Awakina duka suka tafi. Ranar tiyata na ji tsoro ƙwarai, na bar wa maigidana wasiyyar Hafsa. Aka sa ƙarfe da kusoshi, sannan watanni ina zuwa gashin ƙashi, ina rarrafa yatsu a bango kamar ƙadangare.

Kawu bai zo dubiya ba, aike ya yi wai haka Allah ya ƙaddara. Na yarda da ƙaddara, amma na san hannun da ya murɗa nawa. Inna kam ta yi kuka ta ce in yafe. Na yafe mata, sai dai har yanzu raina bai huce ba.

Alhamdu lillahi, na warke. Ina girki, ina rubutu. Na gode wa likitoci, da maƙwabciyata, da ku masu addu'a.

Shawarata: ba kowace karaya ke son wuƙa ba, ba kowace ke son ja ba. Hoto ke faɗa. In likita ya ce majanyi ya isa, ku riƙe majanyin, ku koma ranar da aka ce. Kuma jikinku ne, ku buɗe baki ko gaban wa.

Hannuna har yau ba ya kaiwa baya, likita ya ce da wuya ya kai. Shekaranjiya na durƙusa na ce Hafsa ta hau, ko da taimakon wani a ɗaura. Ta dube ni, ta taka da ƙafarta ta tafi bayan maƙwabciya.