Abin da Gwaggo Ba Ta Gaya wa Baba Ba

Akwai maganar da na riƙe a cikina shekara biyu ban gaya wa kowa ba, Gwaggo, kuma ke kika ce in riƙe. Yau kwana uku da binne ki, ni kuma ko abinci na kasa ci saboda ita.

Allah Ya karɓi ranki ranar Litinin, tara ga wata, wajen ƙarfe goma na safe, a gadon asibiti, bayan kin yi kwana goma sha ɗaya ba kya iya magana. Ina wanke-wanke Baffa direba ya shigo ko sallama bai yi ba. Ya tsaya a tsakar gida yana ta juya makullin mota a hannunsa. Umma ta dube shi kawai, ta zauna a ƙasa. Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa muka nufa.

Tun daga ranar mutane ke cika gidan nan, kowa da alherinki a bakinsa. Mai wanki ya ce shekara biyar kina yi wa 'ya'yansa kayan makaranta da ragowar yadi, idan ya yi godiya sai ki ce ya matsa, ya tare miki haske. Matar mai gadi ta ce ke kika kwana uku a kanta lokacin da ta haihu ba ta da kowa. Ni kuwa abin da na fi tunawa shi ne yadda kike kirana "Sarkin surutu", don kin san sai in wuni ban yi magana goma ba. Ba ki taɓa ce mini in buɗe baki ba. Sai dai ki miƙo mini allura ki ce, "Zura mini zare, idon nan ya yi ritaya."

Mata sun yi dariya cikin kuka da suka tuna aljihun ciki. Duk rigar da kika ɗinka wa mace sai kin yi mata ɓoyayyen aljihu ta ciki, ko ta ce ba ta so. Wata ta taɓa ce miki, "Ni me zan ɓoye, Gwaggo, albarkar mijin nawa?" Kika ce, "Ki sa shi ciki idan zai shiga." Suna ɗauka ɗabi'arki ce kawai. Haka suke ɗauka game da ƙofar ɗakinki da kika cire wa sakata, da tabon da ke hannunki na hagu, wanda kowa ya san dutsen gugarki ne ya ƙone ki.

Ni na san ba haka ba ne.

Wata rana da azahar a shago, ɗaya daga cikin 'yan koyon ɗinki ta kunna wani fim a wayarta, muka taru muna leƙe. Na mutanen da ne, waɗanda aka ɗaure da sarƙa ana sayarwa a kasuwa kamar awaki. Aka buɗe bakin wata yarinya ana duba haƙoranta. Sai na ji keken ɗinkinki ya tsaya. Kika tashi kika fita ta baya. Na bi ki da ruwa a kofi, na same ki zaune kan bokiti.

Kika ce, "Sun yi ƙarya a wuri ɗaya, Sarkin surutu. Suna nuna kamar an daina. Yanzu ba sa wahalar da kansu da sarƙa."

Ranar kika ba ni labarin shekaru shida da kika yi aikatau a ƙasar waje, kafin a haife ni. A bakin ƙofa matar gidan ta karɓi fasfonki, ba ki ƙara ganinsa ba. A ɗakin ajiye kaya kike kwana, kusa da injin wanki, kuma ta waje ake kulle ƙofar. Ba wanda ya taɓa tambayar sunanki. Ƙararrawa suke kaɗawa, har ƙaramin yaron gidan yana da tasa. Tabon nan, matar ce ta ɗora miki dutsen guga saboda riga ta ƙone. Kika ce abin da ya fi ba ki tsoro ba dukan ba ne. A shekara ta biyar an manta ƙofar waje a buɗe, kika tsaya kina kallon titi, sai kika rufe ta da hannunki kika koma aiki. Sai da wata mai shara ta maƙwabta ta ja ki da ƙarfi sannan kika fita.

Da kika dawo, Kaka ta tara mutane tana murna 'yarta ta dawo daga waje. Kika kasa faɗa. Keken ɗinkin ma a garin nan kika same shi, da ɗan kunnenki kika musanya shi, amma kowa ya ce tsarabar waje ce, kika bar su a haka. Kika kama kunnena kika ce, "Ko babanki kada ya ji. Ƙanena ne, shi ya raka ni tasha. Idan ya ji ba zai yafe wa kansa ba."

Na riƙe, Gwaggo. Amma ga abin da ya faru kina kwance.

Kwana biyu da kai ki asibiti, wata Hajiya mai kai 'yan aiki waje ta zo wurin Baba. Ta ce ta ji yana da yarinya mai hankali da ta gama firamare tana zaune. Ta ce gidan mutanen kirki ne, raino kawai, har makaranta za su sa ni. Umma ba ta so. Baba ya ce, "Haba, ba ga Yaya ba? Ba can ta samo sana'ar da take ciyar da rabin unguwa ba? Yarinyar nan gadon gwaggonta za ta yi." Yana faɗa yana murmushi. Ba mugunta ba ce a ransa, alheri yake nema mini. Aka kai ni aka ɗauki hoto.

Na je asibiti don in gaya miki. Na zauna kusa da ke, na riƙe hannunki mai tabon. Idonki a buɗe yake, amma ban san ko kina ji ba, kuma Baffa yana tsaye a kanmu. Na ce, "Sannu, Gwaggo." Shi ke nan abin da ya fito.

Jiya Hajiyar ta zo gaisuwa. Ta zauna a ɗakinki, a kan gadonki, ta ce Allah Ya jiƙan mace mai zuciyar nema. Da za ta tafi ta riƙe haɓata ta juya fuskata dama da hagu, ta ce, "Wannan ba ta da hayaniya, irin ta suke so." Ta ce wa Baba tafiya ba ta ɗaguwa saboda rasuwa, ranar Asabar, wato jibi ke nan, mota za ta zo. Takarduna duk suna jakarta, wai don kada in yar. Tun lokacin idan na ji mota ta tsaya a ƙofar gida sai in shige ɗaki. Ina tsoron tafiyar. Ina kuma tsoron fuskar Baba idan ya ji.

Ya Allah Ka jiƙan Gwaggo, Ka yafe mata, Ka yalwata mata kabarinta, Ka haskaka shi. Wahalar da ta sha ita kaɗai Ka sa ta zame mata kaffara, Ka sa Aljanna ce makomarta. Ina yi wa Kaka ta'aziyya, da Baba, da Baffa, da Umma, da 'yan koyon da yanzu suke zaune a shago ba wanda zai yanka musu yadi. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki, Ya kyautata namu bayan naki. Amin.

Ki yafe mini, Gwaggo, zan karya alkawarin. Bakina ba zai iya ba, shi ya sa na rubuta. Gobe idan Baba ya dawo daga masallaci zan sa masa takardar nan a hannu, in tsaya a gabansa har ya kai ƙarshe. Ko me zai ce, jibi ba zan shiga motar nan ba.