Madam Zulai da Bisashen da Ba a Gani

Ƙarfe bakwai na safe Madam Zulai take wucewa ta ƙofar gidana, tafiyarta ɗaya, ba sauri ba sanɗa, ta nufi ɗan labon binciken ƙwarin gona da ke hanyar tafki. Da isarta sai ta wanke hannu har gwiwar hannu, ta shafa alkol mai kashe cuta, ta buɗe akwatin sanyi ta fito da wasu kwalabe masu faɗi. Kai in ka duba, ruwa kawai za ka gani. Ita kuwa ta ce bisashenta ne. Shekara goma sha bakwai muna tsokanarta da cewa ita ce makiyayiyar da ba ta taɓa ba kowa nono ba.

Abin da ke cikin kwalaben ƙwayoyin jikin tsutsar wake ne, waɗanda aka ciro daga tsutsotsin wata gona a Safo. Suna raye, suna hayayyafa, amma sai a madubin labo ake ganinsu. Kowace ƙwaya tana ɗauke da umarnin gado, wasu na barci, wasu a farke. Masu bincike na son gane wanne ke farkawa idan maganin feshi ya taɓa tsutsa, har maganin ya daina kashe ta. Duk manomin da ya fesa wakensa sau uku kuma ya tarar da kwanso duk huda ya san zafin wannan tambaya.

Sai dai ƙwayoyin nan ƴan gata ne. Kowane kwana huɗu sai an raba su, an zuba musu sabon ruwan abinci, in ba haka ba su cunkushe su mutu. Zulai da shara da wankin kwalba ta fara, hannunta ya faɗa, aka bar mata aikin. Tun daga ranar ba ta ƙara kwana huɗu a wajen garinmu Madarumfa ba. Ɗiyarta Hauwa ta haihu a Agadas har sau uku, kowane suna kwana ɗaya ta yi ta juyo. Surukai sun yi magana, ta haɗiye.

Bazarar da ba za mu manta ba ita ce wadda wutar lantarki, wato kuran, ta ɗauke, gurub, injin ba da wuta na labo, kuma ya tsaya. Ƙwayoyin ba sa son zafi ya wuce ashirin da bakwai a ma'auni, garin kuwa ya haura arba'in. Sakina, ɗalibar jami'a da ta zuba shekara uku na aikin digirinta a kan waɗannan kwalabe, ta zauna bakin ƙofa da hantsi tana kuka. Babu irin ƙwayoyin a ko'ina, in suka mutu aikinta ya bi su.

Sakina da bakinta ta ba ni labari. Ta ce Zulai ta dube ta ta ce, "Ɗiyata, kukan mi? Tashi ki miƙo mini ma'aunin zahin can."

"Inna, mi za mu yi da shi? Kuran babu, gurub ya mutu."

"Randar gidana ba ta san kuran ba. Mu tahi."

Suka tsoma ma'auni a ruwan randa, ya nuna ashirin da shida. Nan take Zulai ta sa aka kawo yashi daga bakin tafki a amalanken jaki. Ta ƙulle kwalaben cikin leda, ta jera su a ƙaramar tukunya, ta sa tukunyar cikin babbar randa, ta cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ta rufe da ɗanyen buhu a inuwar darbejiya. Kwana goma sha tara tana yayyafa ruwa tana duba ma'auni. Duk ranar raba ƙwayoyin sai ta ɗauko su da sassafe zuwa labo, ta yi aikinta kusa da harshen fitila, ta maido su. Ni shaida ne, don har randata ta ara, kuma ba ta dawo da ita ba har yau. Cikin kwalabe goma sha biyu, biyu suka lalace.

Sakina ta gama karatunta, yanzu dokta ce. Na duba takardar binciken, sunaye shida ne a sama, babu na Zulai. Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Da na yi mata zancen cewa ta yi, "To su bisashen sun san sunana ne?"

Ke ce dai, Zulai, uwar garken da ba a gani. Ke ce kika riƙe abin da masu digiri suka dogara a kai, ba a taɓa tafa miki ba, ba ki kuma taɓa makara ba. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ba ki lafiyar cin gajiyar hutunki. Mu kuma da aka damƙa wa ƙananan ayyuka, mu riƙe su kamar yadda kika riƙe naki.

Ranar Alhamis ta ajiye aiki, ta miƙa makulli ga Hussaina, wadda ta koya wa rabon ƙwayoyi. Jiya na gamu da ita a tasha da jaka biyu da kwallar fura, za ta Agadas. Na ce, "Madam, sai yaushe?"

Ta fara ƙirga kwanaki da yatsu kamar yadda ta saba, ta kai na uku, sai ta tsaya ta yi dariya, idonta ya kawo ruwa.

"Wata guda zan yi," in ji ta. "Jikokina ba su san tuwona ba."