Ranar da Na Mai da Kwamfutata Injin Kanti

Kwamfutar ofishinmu da ke Shinkafi ta zo ne a farkon Shari'a, lokacin da kowace takarda ta koma sai an buga. Ni aka damƙa wa ita, don ni kaɗai na iya tafireta. Muka tsufa tare. Na san tarinta, ta san yatsuna.

Wata rana kamfanin da ya yi mata manhaja ya sanar cewa ya yaye irinta, ba zai ƙara aiko mata da gyaran da take sauko da shi da kanta ta intanet ba. Kafin wata uku cutar kwamfuta ta cinye mana takardun ƙarin girma na ma'aikata. Shugaban ofis ya ce za a kawo sabuwa, kuma sabuwa da mai ita take zuwa, mai takardar difloma. Ni ko satifiket ɗin tafireta nawa ya ɓace tun muna jihar Sakkwato. Na tsorata ƙwarai.

Na ɗora ta a mota zuwa Kaura Namoda, wurin wani tsohon maƙwabcina mai koyar da kwamfuta. Ya ce kamfanin bai daina ciyar da injinan lissafi na manyan kantuna da gyara ba, alhali manhajar cikinsu ɗaya da ta kwamfutata. Layi uku kawai za a rubuta mata, ta riƙa cewa ita injin kanti ce.

Da na dawo da ita da bayanin, ofis ya rikice. Magatakardanmu, wanda na buga wa takardar rage shekaru har sau biyu da hannuna, shi ya fi kowa tsoron Allah ranar.

"Malam, ƙarya ta wagga," in ji shi. "Cikin jihar Shari'a za a sa inji shi yi shedar zur?"

Aka kira limamin ofis. Ya daɗe yana kallon kwamfutar, sannan ya ce inji ba ya da niyya, zunubin na wanda ya buga ne. Nan take kowa ya amince a yi. Suka ja baya, suka bar ni da kujera. Na yi istigfari na buga.

Ta karɓa kuwa. Gyara ya yi ta sauka wuni guda, ta mutu ta tashi sau bakwai, ta dawo garau. Har na shafa mata kai. Bayan nan duk wata takan sauko da abinta ba tare da na taɓa ta ba. Ni kuma bakina bai iya shiru, duk wanda ya shigo sai na nuna masa.

Wata rana shugaba ya shigo ana cikin irin wannan, ya tsaya yana kallon allon.

"Wai kai ba ka yi mata komi?"

"Ko kaɗan, ranka shi daɗe. Da kanta take yi!"

"Madalla. To mi za ka zamna yi nan?"

Aka fasa sayen sabuwa, aka yaba wa shugaba da tattali. Ni aka yi mini canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye bayan Zurmi, inda ko turken wuta babu. Takardar canjin ma ni na buga ta. Ina tsakiyar buga sunana ta kashe kanta don ta karɓi gyara, na zauna ina jiran ta gama.